Daga bariki zuwa ofishin magatakarda: amsa ga wani Kanar mai shirin ajiye kaki

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni laftanar-kanar ne a ɗaya daga cikin barikokin Legas, kuma ritayata ta kusa. Wani bawan Allah mai kwaleji mai zaman kanta a nan garin ya yi mini tayin kujerar magatakarda idan na ajiye kaki. Iyalina sun saba da Legas, yara suna makaranta, ba na son in tattara in koma gida in zauna haka nan. Yallaɓai, kai da ka bi wannan hanyar, yaya rayuwar take? Horon soja zai taimake ni ne, ko zai zame mini cikas?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena Kanar. Allah ya sa a ajiye kakin nan lafiya, ya sa albarka a abin da zai biyo baya.

Horon zai taimake ka, zai kuma iya kai ka ƙasa. Ya danganta da wanne ka ɗauko cikin sojoji biyun da ke jikinka. Duk hafsan da ya kai muƙaminka ya yi aiki iri biyu. Ya riƙe runduna, inda yake faɗa a yi, in ba a yi ba ya hukunta. Ya kuma zauna a hedikwata ƙarƙashin wani babba, yana tattara bayanai, yana rubuta takarda, yana jera wa maigidansa zaɓi da amfanin kowanne da illarsa, sannan ya ja gefe a yanke hukunci ba da sunansa ba. Wannan na biyun, wanda aka horar a kwalejin hafsoshi ta Jaji, shi kwaleji take nema. Na farkon kuwa, in ka shigo da shi, da wuya ka ga ƙarshen shekarar farko ba tare da rigima ba.

A bariki iko a kafaɗa yake, kowa yana hango shi tun daga nesa. A makarantar gaba da sakandare iko a warwatse yake, kuma da gangan doka ta warwatsa shi. Majalisar gudanarwa ita ke da kuɗi da ɗaukar manyan ma'aikata da sallamarsu. Majalisar malamai ita ke da karatu: wa za a ɗauka, me za a koyar, wa ya ci jarrabawa, wa za a kora saboda satar amsa. Shugaban kwaleji yana tsakiya, yana jagorantar malamai, yana ba majalisar gudanarwa bahasi. Kai magatakarda sakatarensu ne duka. Kai ke tsara abin da za a tattauna a zama, kai ke rubuta abin da aka yanke, kai ke riƙe da fayil ɗin kowane ɗalibi da kowane ma'aikaci, kai ne kuma shugaban ma'aikatan ofis. Sa hannunka ne a takardar ɗaukar ɗalibi, sa hannunka ne a takardar korarsa, amma babu ɗaya daga ciki da kai ka yanke. A saman wannan duka akwai masu sa ido: NBTE da ke Kaduna in kwalejin ta fasaha ce, NCCE in ta horar da malamai ce, NUC in jami'a ce, ga JAMB a bakin ƙofa. A gefe kuma ga ƙungiyoyin ma'aikata, abin da a soja ko sunansa ba a kamawa.

Ba sai ka je nesa neman misali ba. A watan Agustan 2020 majalisar gudanarwar Jami'ar Legas, ƙarƙashin Dakta Wale Babalakin, ta zauna a Abuja ta ce ta tsige shugaban jami'ar, Farfesa Oluwatoyin Ogundipe. Majalisar malamai da ƙungiyoyi suka ce ba a bi ƙa'ida ba. Gwamnatin tarayya ta kafa kwamitin bincike, a watan Nuwamba aka mayar da shi kujerarsa aka rushe majalisar. Ka tuna, duk sanarwar majalisa daga ofishin magatakarda take fitowa, don haka duk ranar da manya suka raba gari, mai irin kujerar da ake maka tayi shi ke tsakiyarsu. Kafin wannan ma, ranar 29 ga Mayun 2012, shugaba Goodluck Jonathan, wanda a lokacin shi ne babban kwamandan askarawan ƙasar nan, ya sanar cewa an sauya wa jami'ar suna zuwa na Moshood Abiola. Ɗalibai suka tare hanyoyi, magana ta kai kotu, yau ga shi sunan yana nan yadda yake. In umarnin babban kwamanda bai wuce ƙofar jami'ar da ke Akoka ba, ka auna na laftanar-kanar mai ritaya.

Ka kuma sani tun kafin ka isa labarinka ya riga ka, domin tsakanin kaki da makarantun ƙasar nan akwai tsohon miki. A 1978 Kanar Ahmadu Ali, likitan soja wanda ya fara shugabantar hukumar bautar ƙasa ta NYSC a 1973, shi ne kwamishinan ilimi na tarayya lokacin da aka ƙara kwabo 50 a kuɗin abincin ɗalibai na yini. Segun Okeowo na Jami'ar Legas ya jagoranci ƙungiyar ɗalibai ta ƙasa zuwa zanga-zangar da har yau ake tunawa da ita da sunan kanar ɗin. An harbe ɗalibi Akintunde Ojo a nan Legas, an kashe wasu a Zariya, gwamnatin Obasanjo ta haramta ƙungiyar. Zamanin Babangida an haramta ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU a 1988, aka sake a 1992. A 1995 gwamnatin Abacha ta tura Manjo Janar Mamman Kontagora, injiniyan soja kuma tsohon ministan ayyuka, ya zama kantoman Jami'ar Ahmadu Bello bayan rikicin da ya dabaibaye ta, ya zauna har 1998. In ka tambayi mutanen Samaru, inda jami'ar take, za ka ji baki biyu: masu yaba masa da dawo da tsari, da masu cewa ba a taɓa wulaƙanta 'yancin jami'a irin wannan ba. Abin da ya shafe ka shi ne, shi Kontagora gwamnatin soja ce a bayansa, kuma ikon da doka ta rarraba aka tattara aka damƙa masa. Kai babu kowa a bayanka sai takardar ɗaukar aikinka. Manyan malaman da za ka zauna da su kuwa, da yawansu ɗalibai ne ko ƙananan malamai a waɗancan shekarun, kuma ba su manta ba.

Ko a Amurka, inda aka saba ganin janar-janar a kujerar jami'a, ba kullum ake dacewa ba. Janar Dwight Eisenhower ya shugabanci Jami'ar Kolombiya daga 1948 zuwa 1953, amma wani ɓangare na lokacin yana Turai yana jagorantar rundunar NATO, kuma bai taɓa zama ɗan gida a wurin malamai ba. Wanda ya fi burge ni shi ne Janar James Earl Rudder, gwarzon yaƙin duniya na biyu, wanda ya karɓi kwalejin Texas A&M a 1959 tana makarantar maza zalla masu horon soja dole. A hannunsa aka fara ɗaukar mata da baƙaƙen fata, aka mayar da horon sojan na ganin dama. Sojan da ya fi cin nasara a wurin shi ne wanda ya rage wa makarantar kamannin bariki.

Inda 'yan'uwanmu suka fi faɗuwa shi ne ladabtarwa, don haka zan daɗe a nan.

Ka san yadda muke yi. A shigo da soja gaban kwamanda ba hula ba bel, a karanta masa laifinsa, a ji ta bakinsa, a yanke, ya juya ya fita, duk kafin shayi ya huce. To ɗauki ɗalibin da aka kama da waya a ɗakin jarrabawa, amsoshi a ciki ɓaro-ɓaro. Mai sa ido zai cike fom nan take. Ɗalibin zai rubuta bayaninsa da hannunsa ya sa hannu, in ya ƙi a rubuta cewa ya ƙi, a sami shaidu. A sa wayar a ambulan a liƙe a gabansa. Ofishinka zai rubuta masa takardar gayyata mai ɗauke da ainihin abin da ake zarginsa da shi, da rana da wuri, a ba shi lokacin da zai shirya. Ranar zama a kira mai sa idon ya faɗi abin da ya gani a gaban yaron, a bar yaron ya yi masa tambaya. Kwamiti ya rubuta rahoto ya miƙa wa majalisar malamai, ita ta yanke, sannan kai ka rubuta takardar hukunci, ka kuma sanar da shi cewa yana da damar ɗaukaka ƙara. Wannan kan ci watanni. Za ka ji kamar ka fashe, tunda kowa ya san ya yi. Amma na ga maganganu irin wannan sun mutu murus a hannun lauya saboda abu ɗaya tak: an buɗe ambulan ba a gaban ɗalibin ba, ko malamin da ya kama shi ya zauna cikin kwamitin da ya yi masa hukunci.

Wannan ba tsoron banza ba ne. Bayan tarzomar da aka yi a Jami'ar Maiduguri a 1983 an kori ɗalibai, suka kai ƙara, a 1986 Kotun Ƙoli ta soke korar a shari'ar da lauyoyi ke kira ta Garba. Dalilai biyu ne manya: mataimakin shugaban jami'ar da ya jagoranci binciken yana cikin waɗanda tarzomar ta shafa, sannan laifuffukan da aka jingina wa yaran, irin su ƙone-ƙone da sata, na kotu ne, ba na kwamitin makaranta ba. A ɓangaren ma'aikata kuma akwai shari'ar Olaniyan da Jami'ar Legas ta 1985, inda kotun ta mayar da farfesoshin da aka sallama saboda ba a bi matakan da dokar jami'ar ta shimfiɗa ba. Sashe na 36 na kundin tsarin mulkin 1999, mai maganar jin ta bakin kowa, ka haddace shi yadda ka haddace lambar aikinka. Gaskiya ne ma'aikacin kwaleji mai zaman kanta ba shi da irin kariyar da na gwamnati yake da ita, amma Kotun Ma'aikata ta Ƙasa tana nan, kuma ba ta ɗaukar korar mutum ba dalili da wasa.

Akwai wani abokin aikinmu, manjo mai ritaya, mutumin kirki ƙwarai, da aka ɗauka wata kwaleji. Makonsa na farko ya ga malamai suna shigowa tara, goma, wasu sha ɗaya. Ya fitar da takarda cewa daga Litinin ƙarfe takwas za a rufe ƙofa. Litinin ta zo, masu gadi suka rufe. Sai ga malamai sun yi cirko-cirko a bakin titi, ɗalibansu suna kallonsu ta katanga suna dariya. Cikinsu akwai wanda ya baro Ikorodu tun bayan asuba, kuma darasinsa sai sha ɗaya. Akwai wadda ta kwana tana duba takardun jarrabawa a gida. Kafin azahar ƙungiya ta zauna, kafin la'asar shugaban kwaleji ya sa a buɗe ƙofa aka janye takardar. Daga ranar duk abin da ya fito daga ofishin manjon, karantawa ake a ajiye. Matsalar da ya gani ta gaske ce, akwai malaman da ba sa shiga aji. Amma ba a auna malami da lokacin shigowarsa, ana auna shi da darasin da ya koyar da sakamakon da ya miƙa. Da ya sa wakilan aji suna rubuta darasin da aka yi da wanda ba a yi ba, ya tara na wata guda, ya ajiye a gaban majalisar malamai, da shugabannin sassa da kansu za su kama masu laifin, kuma babu wanda zai ce soja ya zo da danniya.

Kada wannan ya sa ka zaci hannu rabbana za ka shiga. Akwai abubuwan da ka iya waɗanda a can suke da tsada.

Rubutu na gaba da komai. A Jaji an koya maka ka rubuta takarda gajera, mai kai da ƙafa, wadda mai karatu zai san abin da ake so ya yanke. A makarantu da yawa za ka tarar ana yin zama, a yi wata biyu ba a fitar da bayanin abin da aka yanke ba, in an fitar kuma babu wanda ya san wa aka ɗora wa aikin. Ka riƙa fitar da naka cikin kwana biyu, kowace magana da sunan wanda zai aiwatar da ranar da zai kawo rahoto, zama na gaba kuma a fara da wannan. Babu tsawa babu barazana, amma cikin 'yan watanni za ka ga makarantar ta fara motsi, domin babu mai son a karanta sunansa a gaban abokan aikinsa a ce bai yi ba. Ikon magatakarda na gaskiya a nan yake.

Sai fayil. Ka tambaya tun makon farko: ɗalibai nawa suka gama ba su karɓi takardar shaidarsu ba, sakamako nawa ke maƙale a sassa, sunaye nawa ba a tura wa NYSC ba. Yaron da ya gama HND ya zauna shekara a gida saboda wani malami bai miƙa maki ba, wannan zalunci ne, kuma gyara shi aikinka ne kai tsaye. Za ka sami wani tsohon akawu da ya fi kowa daɗewa a ofishin, ya san inda kowace takarda take da dalilin da ya sa take wurin. Shi ne samanjanka. Ka girmama shi yadda ka girmama na bariki lokacin kana sabon laftana.

Sai zagaye. Mu an saba mana da cewa abin da ba ka duba da idonka ba ba a yi shi ba. Ka shigo da sassafe ka bi ta ɗakunan kwanan ɗalibai, ka ga ko famfo yana kawo ruwa, ka leƙa banɗaki, ka tsaya wajen janareta. Ranar da motar dizal ta zo, ka sa a tsoma sanda a tanki kafin a zuba da bayan an zuba, a rubuta, a kuma riƙa rubuta awannin da injin yake aiki. Wannan kaɗai yakan tona abubuwa da yawa. Amma abin da ka gani ka kai wa mai sashen, daraktan ayyuka ko ma'aji, kada ka tsaya a fili kana yi wa yaransu faɗa. Haka nan walwalar na ƙasa, wadda kowane hafsa nagari ya san ita ce gaba da tasa. Ka duba ƙarin girman ƙananan ma'aikata da ya maƙale. Ka duba ko kuɗin fanshon da ake yanka yana isa asusunsu, tunda dokar 2014 ta ce ma'aikaci ya ba da kashi 8 cikin 100, mai aiki ya ƙara kashi 10. Direba da masinja da mai shara da suka ga ka tsaya musu a wannan, sun zama naka. Irin taron da kwamanda ke yi da ƙananan sojoji su faɗi damuwarsu ba shamaki, ka riƙa yin sa da su da kuma shugabannin ɗalibai, tun kafin ƙorafi ya zama zanga-zanga.

Shugabannin ƙungiya kuma kada ka ɗauke su 'yan tawaye. Aikin da aka zaɓe su su yi ke nan. In za ka fitar da abin da ya shafi mutanensu, ka kira su ku sha shayi su ji daga bakinka kafin su gani a allo.

Maganar tsaro zan taƙaita. Ƙungiyoyin asiri suna nan a makarantun Legas, kuma dokar jihar ta 2021 ta tanadi ɗaurin shekara 21 ga wanda aka samu a ciki. Ranar da rikici ya ɓarke, hannunka zai kai ga waya don ka kira wani tsohon yaronka ya turo mota ɗaya daga bariki. Kada ka yi. Ka san abin da aka horar da yaran nan su yi, kuma ba kwantar da ɗalibai ba ne. In aka taɓa ɗan wani, sunanka za a kira, wanda ya turo su kuma aikinsa ya tafi. Ka ƙulla hulɗa da DPO na yankin tun ana zaman lafiya, laifin da ya zama na kotu a miƙa shi ga 'yan sanda.

Akwai kuma nauyin da babu wanda zai faɗa maka sai ɗan'uwanka Bahaushe. Da zarar labari ya bazu cewa namu ya zama magatakarda, daga Agege, daga Idi-Araba, daga Alaba Rago da Mile 12 da Obalende za a fara sallama. Bayan Juma'a dattijo zai riƙo hannun yaro ya ce, “Kanar, ga ɗanka nan, sai yadda ka yi da shi.” Ka karɓi takardun ka duba, ka ga babu Turanci ko babu lissafi a cikin darussan da ake nema, ko kuma bai ma rubuta JAMB ba. Tun 2017 ɗaukar ɗalibai ta manhajar JAMB ake yin ta. In ka cusa shi ta bayan gida, zai biya kuɗi ya yi shekarunsa, ranar tafiya bautar ƙasa a nemi sunansa a rasa, kuma uban da ya yi maka godiya shi zai fara tsine maka. Taimakon gaske shi ne ka zaunar da su ka faɗa musu ya sake WAEC ko NECO, ka nuna masa kwas ɗin da makinsa zai kai, ka sa a tuna masa ranar rufe rajista. Mutanenmu na kasuwa suna da kuɗin makaranta, abin da suka fi rasa shi ne mai yi musu bayani. Buƙatun ɗalibai Musulmi, wurin salla ko kaucewa sa jarrabawa lokacin Juma'a, ka bi da su ta kwamiti kamar kowace magana. Mafi yawan abokan aikinka Yarbawa ne da sauran ƙabilu, kuma suna kallon ko za ka zama magatakardan kowa. A nan zaman bariki ya yi maka rana, ka saba cin abinci da kowa. Ka iya gaisuwar Yarbanci, ka riƙa zuwa suna da biki da jana'iza.

Ita kanta rayuwar, watannin farko akwai kewa. Ka shiga wuri babu wanda ya miƙe. Yaro ɗan shekara ashirin ya tare ka a baranda yana maka gardama hannunsa a aljihu. Gidan bariki ya tafi, da direba da mai gadi da makwabtan da uwargida ta saba da su, ka koma haya inda mai gida ke neman kuɗin shekara da na dillali da na lauya. In ka zauna nesa da makarantar, cunkoso zai cinye maka sa'o'in da a da kake motsa jiki, don haka ka nemi gida kusa ko da bai kai wanda kake so ba. Za a riƙa ce maka Kanar, ka amsa, amma kada ka nema, kada kuma ka cika ofis da hotunan kaki. Abin da ke sanyaya rai shi ne fanshonka na soja yana tafiya daban, tunda tun 2011 aka fitar da sojoji daga tsarin fanshon karo-karo. Wannan ya ba ka abin da yawancin abokan aikinka ba su da shi: za ka iya cewa a'a ba tare da tunanin abin da yara za su ci ba. Daɗin aikin kuma yana zuwa ranar yaye ɗalibai, ka ga uwar da ta sayar da abinci a tasha ta biya wa ɗanta karatu tana rawa a filin taro, ka san takardar da ke hannun yaron sahihiya ce.

In kana hangen makarantar gwamnati nan gaba, irin Yabatech ko Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Akoka, ka sani ƙofar magatakarda a can ƙunci gare ta. Tallan kujerar yakan nemi wanda ya yi shekaru yana mataimakin magatakarda a makaranta irin ta. Ƙofofin da suka fi buɗe wa tsohon hafsa su ne shugaban tsaro, daraktan ayyuka in injiniya ne, ko kujera a majalisar gudanarwa, sai kuma makarantun soja kansu irin su NDA ta Kaduna da Jami'ar Sojan Ƙasa ta Biu da aka kafa a 2018. Ko ma ina ka nufa, ka nemi izini tun yanzu ka yi digiri na biyu a gudanar da ilimi ko harkokin mulki, a Jami'ar Legas ko LASU da ke Ojo ko jami'ar karatu daga gida ta NOUN. A cikin malamai takarda ita ce anini, kwasa-kwasanmu na soja kuwa ba kowa ya san darajarsu ba.

Saura shi mai tayin. Ka tambayi kanka me ya gani a jikinka. Wani tsari yake so da gaske. Wani sunan Kanar yake so a saman takardarsa don iyaye su amince, ko don ma'aikatan da ke bin sa albashi su ji tsoron tambaya. Kafin ka ce masa komai, ka duba da kanka ko hukumar da ke kula da irin kwalejin ta amince da ita, da kuma kowane kwas ɗaya bayan ɗaya, domin akan sami makaranta mai lasisi tana koyar da kwas ɗin da ba a tantance ba. Ka duba sunanta a jerin JAMB. Ka je ba da sanarwa ba, ka zauna wajen mai shayin bakin ƙofa, ka ji yaushe aka biya albashin ƙarshe. Ka nemi ganin bayanan zaman majalisar gudanarwa na baya-bayan nan, in babu su to majalisar a takarda kawai take, mai makaranta da iyalinsa ne komai. Ka tambayi yadda aka yi tantancewar da ta wuce, domin sanannen abu ne wasu su aro kayan ɗakin gwaji da malamai na kwana biyu, baƙi na tafiya a mayar, kuma sa hannun magatakarda ne a kan jerin ma'aikatan da aka nuna. Takardar ɗaukar aikinka ta fayyace wa kake ba bahasi, shekara nawa, da yadda za a rabu.

Sannan ka tambaye shi ido da ido: in ɗan amininsa ya faɗi jarrabawa, wa ke da ikon taɓa makin? In ya ce majalisar malamai kaɗai, ka nemi a rubuta hakan cikin takardarka. In ya yi murmushi ya ce ai irin wannan za ku riƙa fahimtar juna, ka yi masa godiya, ka ce za ka yi shawara da iyali.